Ina tankar za ta sauke kayanta?

Ɗan yayata ya kira ni ranar Talata bayan sallar isha'i. Bai fi wata uku da samun aiki a sashen kula da muhalli na wata ma'ajiyar mai ba, sai ga shi an dire masa takardun 'yan kwangila uku a tebur, kowanne yana neman a ba shi aikin kwashe dagwalon da ya taru a gindin tankunansu. Farashin ɗaya daga ciki bai kai rubu'in na sauran biyun ba. Ya ce, "Kawu, oga ya ce in duba mai sauƙin in sa hannu. Kai da ka yi aikin nan, me ka gani?" Na ce masa, "Ɗana, ajiye maganar kuɗi tukuna. Tambayi mai arahar nan ina tankarsa za ta sauke kayanta, ka kuma ce ya kai ka wurin ka gani da idonka."

Mun daɗe muna magana a daren nan, amma da na kwanta sai na ga akwai abubuwa da yawa da ban faɗa masa ba. Su ne nake rubutawa a nan.

Shekara 19 na yi a harkar wanke tankunan mai da gwajin abin da ke fitowa daga cikinsu. Wanda bai taɓa leƙa cikin tankin ɗanyen mai ko na baƙin mai ba, da wuya ya gane abin da ake nufi da dagwalo. Akwai wata 'yar ƙofa a gefen tankin, ba ta wuce mutum ya shiga a sunkuye ba. Ana buɗe ta, a bar fanka tana hura iska kwana da kwanaki, sannan a auna iskar ciki kafin kowa ya sa ƙafa. Abin da za ka tarar baƙi ne ƙirin, kaurinsa kamar talgen da ya fara kamawa, wani wurin har gwiwa. Haɗin gambiza ne: mai da ruwa da yashi da tsatsa da kaki, duk sun cakuɗe sun kwanta tsawon shekaru. Warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne, kuma iskar da ke kawo warin muguwa ce, domin in ta yi yawa sai hanci ya daina jin ta, a nan ne take kayar da mutum. Ita kuma tsatsar da ta haɗu da farar wuta, in aka bari ta bushe a sarari, tana iya kamawa da wuta ba tare da an ƙyasta ashana ba. Shi ya sa kullum muke barinta a jiƙe.

Lokacin da nake sabon shiga, aikina shi ne tsayawa a bakin ƙofa da littafi, ina rubuta lambar kowace tanka da ta fita da dagwalo. A wani aiki na rubuta tanka 14 cikin mako guda. Ban tambayi kowa inda za su ba, babu kuma wanda ya ce in tambaya. Takardar ɗan kwangilar ta ce za a kai "wurin da ya dace", aka sa hannu, aka biya shi, kowa ya kama gabansa.

Bayan ɗaukewar damina sai ga wani dattijo a bakin ƙofarmu, ya jingine kekensa, yana riƙe da galan da wani ƙunshi a buhu. Masu gadi suka turo shi wurina saboda ni ke jin Hausa a cikin waɗanda ke kusa. Muka gaisa, ya ce, "Ɗan nan, ku ne masu baƙin man da ake zubarwa a wajenmu?" Na ce, "Baba, wane baƙin mai?" Sai ya kwance buhun. Shukar tumatir ce guda uku, ganyen ya yi rawaya ya lanƙwashe, saiwar kuwa baƙa wuluk, tana maiƙo. Ya buɗe galan ɗin ya tsiyaya ruwan rijiyarsa a murfi, ya ce in duba. A saman ruwan akwai launi kamar bakan gizo.

Washegari na bi shi. Ashe wani kududdufi ne da masu aikin hanya suka bari bayan sun ɗebi jar ƙasa, can bayan gari, inda ba kowa ke bi ba. Nan direbobin suka riƙa juyewa da daddare. Da ruwan Agusta ya sauko, kududdufin ya cika ya tumbatsa, ya gangara cikin fadama. Na tsaya a bakinsa na ga balbela biyu a mace, gashinsu ya manne, kuma duk faɗin wurin babu kukan kwaɗo ko ɗaya. Dattijon ya sa fartanya ya sara ƙasar lambunsa. Sama-sama ƙasa ce kamar ko'ina, amma da ya nutsa kamar taki ɗaya sai ga baƙi. Ya ɗebo a hannu ya miƙo mini, ya ce, "Da lambun nan na aurar da 'ya'yana huɗu. Yanzu ka faɗa mini, ɗan nan, shekara nawa zan jira?" Ban iya ba shi amsa ba. Lambobin tankokin da suka yi masa wannan ɓarnar suna cikin littafina, da rubutun hannuna.

Daga baya an tilasta wa kamfanin ya kwashe ƙasar. Aka kawo katafila, aka yi ta jigila da tifa, aka biya diyyar da ba ta taka kara ta karya ba. Na ga lissafin da idona: abin da aka kashe wajen gyara ya ninka abin da ɗan kwangila mai tsada ya nema tun farko sau da yawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A harkar nan abin ya wuce rashin ado, domin kuɗin da aka ce an rage ba ɓacewa yake yi ba, wani ne ke biyansa, kuma yawanci wanda bai san an yi cinikin ba.

Shekarun baya da labarin Abijan ya fito, sai na ji kamar kududdufin nan ne aka faɗaɗa. A 2006 kamfanin Trafigura ya yi hayar wani jirgin ruwa mai suna Probo Koala, aka wanke wani ƙazamin nau'in mai da soda a cikinsa don a rage masa farar wuta. Ruwan wankin da ya rage aka kai Amsterdam ta ƙasar Holan. Da masu karɓar shara a can suka gwada shi suka ga irin abin da ke ciki, sai suka ɗaga farashi zuwa kusan Yuro 1,000 a kan kowace lita 1,000. Kamfanin ya ce ya yi tsada, aka mayar da kayan cikin jirgi. A watan Agusta jirgin ya isa Abijan ta Kwaddibuwa, wani ƙaramin kamfani ya karɓi aikin a kan kuɗin da bai wuce Dala 17,000 ba, tankokinsa suka bi dare suka zubar a wurare daban-daban cikin birni. Sama da mutum 100,000 suka je neman magani, hukumomi suka ce an rasa rayuka aƙalla 15. A 2007 Trafigura ya biya gwamnatin ƙasar kimanin Dala miliyan 198, ko da yake bai amsa laifi ba, kuma har yau bai yarda cewa sharar ce ta yi kisan ba. Duk wanda zai sa hannu a takardar ɗan kwangila mai araha, ina so ya ajiye Dala 17,000 da Dala miliyan 198 kusa da juna ya dube su.

To mene ne mafita? Abu na farko da na koya, kuma a kansa nake so in daɗe, shi ne dagwalon nan ba shara ba ne gaba ɗayansa. Mafi yawansa mai ne da ruwa. Wanda ya loda shi a tanka yadda yake, ya biya kuɗin dakon ruwa, ya kuma zubar da man da ke da mai saye.

Aiki na farko da na ga an yi yadda ya kamata, wani injiniya ne ya jagorance shi, mutum marar yawan magana. Ya sa aka ɗumama dagwalon da tururi har ya saki, aka sirka shi da ɗan man gas, aka tura shi cikin wani inji mai wulwulawa da tsananin gudu, kusan zagaye 3,000 a minti. Dabararsa ɗaya ce da ta matan da ke kaɗa nono a fitar da man shanu: mai nauyi ya koma gefe, marar nauyi ya taru a tsakiya. Bakin injin uku ne. Ta ɗaya mai ke fita, ta ɗaya ruwa, ta na ukun kuma wani baƙin tunkuza mai ɗan danshi yana faɗowa cikin tire. Na tara hannu da safar roba na damƙi tunkuzar, ta dunƙule kamar ƙuli-ƙulin da ba a soya ba. Man aka mayar tanki aka sayar a matsayin baƙin mai, kuɗinsa ya biya kaso mai tsoka na hayar injin. Ruwan aka tura wurin tace ruwa. A aikin nan, cikin kowace tanka 10 ta dagwalo, abin da ya rage da sai an nema masa makoma bai cika tanka 2 ba. Injiniyan ya dube ni ya ce, "Malam, ka ga yanzu matsalar ta zama daidai wadda za a iya ɗauka."

Saura tunkuzar. A ganina, in nisa bai hana ba, babu inda ya fi tanderun siminti. Zafin da ake dafa dutsen siminti da shi yana kai digiri 1,450, man da ya rage a ciki ya ƙone ƙurmus ya rage wa kamfanin kuɗin kwal, tokar kuma ta shige cikin simintin, ba a bar komai a ƙasa ba. Farar ƙasar da ke cikin tanderun tana kuma kama wani ɓangare na farar wutar. Muna da irin waɗannan tanderu a Obajana da Ashaka da Kalambaina ta Sakkwato, da Malbaza a Nijar. Sai dai ba a kai musu kaya da ka. Dole a gwada a san yawan gishiri da dalma da sauran ƙarafan da ke ciki, kuma sai kamfanin ya yarda, yana da izinin karɓa. Ga kuma kuɗin mota na ɗaruruwan kilomita, wanda shi ne dalilin da ya sa matse dagwalon a injin nan ke zuwa kafin komai.

Hanya ta biyu ita ce a bar ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su cinye man. Wannan ina sonta, domin zafin ƙasarmu yana taimakonta, kuma kayan aikinta duk na gida ne. Ana share fili, a daɓe shi da yumɓu ko a shimfiɗa leda mai kauri, a kewaye shi da ganuwa don kada ruwan sama ya fita da komai. A baza tunkuzar ba da kauri ba, a haɗa ta da ƙasa da kashin kaji ko na shanu da buntun shinkafa, tarakta ta riƙa juyawa duk mako don iska ta shiga. Danshin da ake so shi ne ka damƙa ta dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. Mu bayan damina muke farawa, sai dai hunturu yana busar da ita da sauri, don haka ban ruwa ba ya yankewa. Wata-watanni za ka ga baƙin yana komawa ruwan ƙasa, warin yana raguwa. Amma a nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Ƙwayoyin nan mai suke ci, ba sa cin ƙarfe. In akwai dalma a ciki, kamar yadda ake samu a tsofaffin tankunan zamanin da ake zuba wa fetur dalma, tana nan daram bayan man ya tafi. Irin wannan ƙasar ba a kai ta gona, kuma duk wanda ya ce maka ta zama taki, ka ce ya nuna maka takardar gwaji. Filin da babu daɓe babu ganuwa kuwa, kududdufin dattijon nan ne aka sake wa suna.

Ƙonawa a rami a sarari ba na ma sa ta a lissafi. Mutanen Fatakwal sun san abin da baƙin hayaƙi ke yi, tun daga 2016 suke share baƙar ƙura a tagoginsu da hancin 'ya'yansu. Haka nan sayar wa 'yan gari da rahusa. Na san ana neman baƙin mai don shafa wa katako saboda gara, ana zuba shi a kwata saboda sauro, ana yayyafa shi a hanya don ƙura ta kwanta. Mai sayarwa yana ganin ya rabu da kaya har da riba, alhali rarraba gubar ya yi gida-gida, inda babu mai iya tattaro ta kuma.

Abin da ke ƙara damuna shi ne mun taɓa sanin wannan darasin. Ni ɗan Kaduna ne, mahaifina ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma tukunyar tururin masaƙar da baƙin mai take aiki. Matatar Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina aka buɗe a 1980, ba don fetur da kananzir kaɗai aka tsara ta ba. A 1983 aka ƙara sashen man juye, wanda ke fitar da kwalta da kakin kyandir daga abin da ya kwanta a gindin tukunya, har ana shigo da ɗanyen mai mai nauyi daga waje saboda shi. A 1988 aka ƙara sashen da ke mayar da wani ɓangare na kananzir sinadarin yin garin sabulu. Har durom da gwangwani ana ƙerawa a wurin. Wato waɗanda suka zana ta sun zauna sun tambayi kansu, wannan da ya rage wa zai saya? Kwalta ta tafi hanya, kaki ya tafi masu kyandir, baƙin mai ya tafi Kakuri da Kano. Da matatar ta shiga tsayawa, ƙarancin baƙin man yana cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙu, tare da matsalar wuta da atamfar fasa-ƙwauri. A ɗaya gefen kuma, mutanen Rido da na bakin rafin Romi sun daɗe suna kokawa kan ruwan da ke fitowa daga wajen matatar. Kayan da ke da kasuwa sun samu mai kula da su, ruwan da ba shi da mai saye shi ne ya zama abin kuka.

Farar wuta ma misali ce mai kyau. Iskar nan mai warin ƙwai, in aka ƙone ta a bakin bututu, hayaƙin da ke fita yana cin huhu, yana cin kwanon rufi. In aka bi da ita ta na'urar da ke aiki da dabarar Claus, wadda aka sani tun 1883, sama da kashi 95 cikin 100 na farar wutar yana fitowa rawaya shar, a loda a buhu. Da ita ake yin asid ɗin da ake sarrafa takin Supa, kuma a nan Kaduna aka kafa kamfanin takin Supa da ya fara aiki a 1976. Yawancin ɗanyen man Najeriya ba shi da farar wuta da yawa, amma tun da ƙasashen ECOWAS suka amince a 2020 cewa kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan a fetur da man gas, duk abin da aka cire daga mai dole ya taru a wani wuri. Gara ya taru a buhun taki.

Hodar sinadarin da matata ke fasa mai da ita in ta gaji, wata tana shiga siminti, wata kuma akwai ƙarafa masu daraja a cikinta irin su nikel da molibdinam, akwai kamfanonin da ke saye su ciro. Abin lura kawai a ajiye ta a rufaffen durom, kada a haɗa ta da sauran shara. Wannan ƙa'idar ta shafi komai: ruwan soda daban, ruwan sama daban, dagwalo daban. Da zarar an zuba su rami ɗaya, wanda ke da mai saye ya rasa mai saye, wanda ba shi da guba ya ɗauki guba, kuɗin magani kuma ya ninka.

Maganar ba ta tsufa ba, yanzu ma take girma. Matatar Dangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara aiki a 2024. Ta SORAZ da ke Damagaram, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana, tana aiki tun 2011, a yankin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi komai tsada. Ga ƙananan matatu, ga ma'ajiyoyi a kusan kowane babban gari, kowace da tankunanta, kowane tanki da abin da ke kwance a gindinsa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, kuma a Nisisioken Ogale an samu sinadarin benzin mai jawo sankara a ruwan rijiya ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Da na karanta wannan na tuna tambayar dattijon, shekara nawa zai jira. Hukumomi muna da su, NOSDRA mai kula da malalar mai tun 2006, NESREA mai kula da dokokin muhalli tun 2007, amma babu jami'in da zai bi kowace tanka da daddare. Wanda ke riƙe da littafi a bakin ƙofa shi ne ke kusa.

Don haka na ce wa ɗan yayata ya koma wa ogansa da lissafi, domin da lissafi ake shawo kan oga. Ya ɗebi samfuri daga wurare uku a tankin, a gwada a san nawa ne mai, nawa ne ruwa, nawa ne ƙasa. Ya buga kuɗin man da za a ceto ya cire daga farashin masu tsadar, zai ga tazarar ta ragu. Ya sa a yarjejeniya cewa kowace mota za a auna ta a sikeli in za ta fita, a sake auna ta inda ta sauke, wanda ya karɓa ya sa hannu, kuma ba za a biya kaso na ƙarshe ba sai takardun sun dawo sun yi daidai. Ya ce, "Kawu, in oga ya ƙi fa?" Na ce ya rubuta shawararsa a takarda, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafi, sa hannun kuwa kada ya yi shi a kan wurin da bai gani ba.

Jiya ya turo mini saƙo cewa mai arahar ya yarda zai kai shi ranar Asabar. Na ce ya tafi da fartanya da kwalba biyu masu tsabta. Ya sara ƙasa a wajen katangar ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, ya ɗebi ruwan rijiyar da ta fi kusa, in kuma ya ga mai lambu a wurin, ya tsaya su gaisa, ya tambaye shi da wane lokaci tankokin ke zuwa.